Idan Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Wuta

Kowane Bahaushe ya san karin maganar nan mai cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Magana ce ta hikima, gama tana koya wa mutum ya yi hankali da masifar da ta sami wani. Amma akwai abin da ba ta faɗa ba. Ruwan nan da ke hannunka, in ka shafe shi duka a naka gemun, wa zai kashe wutar ɗan'uwan? Tambayar da za mu bincika ke nan a wannan wata, ya ku 'yan'uwa: zaluncin da bai taɓa jikin mutum ba, wajibi ne ya sa baki a ciki, ko kuwa ba ruwansa? Za mu nemi amsa cikin labarin waɗansu Yahudawa fararen fata, waɗanda suka tsaya tare da shugabannin baƙar fata a Amurka da Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. Ba maganar ƙasar Isra'ila ta yau da siyasarta muke yi ba. Maganar waɗansu mutane ce, da abin da suka yi da ruwan da ke hannunsu.

Abin da ake ce da shi wariya

Kakanninmu da suka je Kano cin rani a zamanin Turawa sun ga kaɗan daga cikinta. Bature yana Nasarawa da Bompai, baƙi daga Kudu suna Sabon Gari, doka kuwa ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440, ba gini, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata. Amma abin da aka yi a jihohin kudancin Amurka ya fi wannan nesa. An hana bauta a can a 1865, duk da haka kusan shekara 100 bayan nan baƙin mutum makarantarsa dabam, famfon da zai sha ruwa dabam, kujerarsa a mota tana baya, har maƙabartarsa ma dabam. In ya je rubuta suna domin jefa ƙuri'a, sai a yi masa jarrabawar da aka shirya domin ya faɗi. In ya nace, a kore shi daga aiki, ko a sa wa gidansa wuta. A Afirka ta Kudu kuwa wariya ita ce tsarin mulkin ƙasa tun daga 1948 har zaɓen 1994. Abin da ya fi zafi shi ne, yawancin masu riƙe da wannan tsari masu zuwa majami'a ne kowace Lahadi, waɗansu limamansu har ayoyi suka nemo domin su goyi bayansa.

To, ina Bayahude yake cikin wannan al'amari? A tsakiya yake. Fatarsa fara ce, yana iya shan ruwa a famfon Turawa ba mai tanka masa. Amma shi ma abin reni ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu, wato 1939 zuwa 1945, mulkin Hitler na Jamus ya hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. A Amurka ma akwai unguwanni da masaukai da ba su karɓarsa. Saboda haka hanya biyu ce a gabansa: ko ya fake da farar fatarsa ya yi shiru, ko ya tuna da nasa ciwon ya je wurin mai irinsa. Da yawa sun yi shiru. Waɗansu kuwa suka tashi.

Samari uku a Misisipi

A jihar Misisipi, a wani ƙauye mai suna Longdale, akwai majami'ar baƙar fata da ake kira Dutsen Sihiyona. Masu binta sun yarda a yi makaranta a ciki, a koya wa mutane yadda za su sami ikon jefa ƙuri'a. Ran 16 ga Yuni 1964 'yan wata ƙungiyar asiri ta Turawa, Ku Klux Klan, suka yi wa dattawanta dūka, suka ƙone ta ƙurmus. Ran 21 ga wata samari uku suka tafi su duba kufan, su gai da waɗanda aka ji wa ciwo. James Chaney baƙi ne ɗan jihar, shekararsa 21. Michael Schwerner mai shekara 24 da Andrew Goodman mai shekara 20 Yahudawa ne daga birnin Niyok. Goodman kwanansa ɗaya ke nan da zuwa jihar.

A kan hanyarsu ta komawa wani ɗan sanda ya kama su, ya tsare su har dare, sa'an nan ya sake su. 'Yan ƙungiyar suka bi su da motoci, ɗan sandan yana tare da su, suka harbe su duka uku, suka binne su cikin wata madatsar ruwa ta ƙasa. Sai ran 4 ga Agusta aka tono su, bayan kwana 44. Iyalin Schwerner sun so a binne shi kusa da abokinsa Chaney, amma wariya ta hana, gama ko gawa ba a yarda ta kwanta kusa da gawar baƙi ba.

Sai mu lura da abu biyu. Na fari, wanda ya tattara makasan, Edgar Ray Killen, mai wa'azi ne na Baftis. A shari'ar 1967 ya kuɓuta, domin wata mace cikin masu taya alƙali yanke hukunci ta ce ita ba ta iya kama mai wa'azi da laifi. Sai a 2005, bayan shekara 41, aka yanke masa ɗaurin shekara 60. Ga Yahudawa biyu sun mutu saboda majami'ar Kirista, ga mai riƙe da Littafi Mai Tsarki ya shirya kisansu. Na biyu, sa'ad da ake neman samarin a koguna da fadamu, an tsinci gawar waɗansu baƙaƙen fata da suka ɓace tun dā, waɗanda ba wanda ya yi kururuwa dominsu. Matar Schwerner, Rita, ta faɗa a fili cewa don mijinta fari ne shi ya sa ƙasa ta girgiza. Mu riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Malamai biyu da fursuna ɗaya

Ran 28 ga Agusta 1963 mutane wajen 250,000 suka taru a Washinton. Kafin Martin Luther King ya yi jawabinsa sananne, wani malamin Yahudawa, Joachim Prinz, ya yi magana. Shi dā limami ne a Barlin a ƙarƙashin Hitler, ya bar Jamus a 1937. Ya ce abin da ya koya a can shi ne, babbar matsala ba ƙiyayyar masu ƙiyayya ba ce, abin da ya fi zama abin kunya shirun masu kallo ne.

Wani malamin kuma, Abraham Heschel, ya tsere daga Polan a 1939, amma uwarsa da 'yan'uwansa mata uku sun hallaka a yaƙin. Ran 21 ga Maris 1965 yana sahun gaba tare da King sa'ad da aka tashi daga Selma da ƙafa za a Montgomery, tafiyar mil 54, domin neman ikon ƙuri'a. Daga baya ya ce a ranar nan ji ya yi kamar ƙafafunsa ne suke addu'a. Mu ma muna cewa zumunta a ƙafa take. A shekarar nan aka kafa dokar da ta buɗe wa baƙar fata hanyar jefa ƙuri'a.

A Afirka ta Kudu, ran 12 ga Yuni 1964, aka yanke wa Nelson Mandela da abokansa 7 ɗaurin rai da rai. Ɗaya daga cikinsu, Denis Goldberg, Bayahude ne injiniya mai shekara 31. Aka kai sauran tsibirin Robben, shi kuwa aka kai shi Firitoriya, gama kurkuku ma a ware yake. Ya yi shekara 22 a ɗaure. Helen Suzman ta yi shekara 13, daga 1961 zuwa 1974, ita kaɗai ce wakiliyar jam'iyyarta a majalisa, tana tone asirin abin da ake yi wa fursunoni, 'yan majalisa suna yi mata ba'a. Ruth First kuwa bam aka aika mata cikin wasiƙa, ya kashe ta a Maputo a 1982. Waɗansu cikin waɗannan ba masu ibada ba ne, waɗansu kuma sun bi hanyar makami, wadda ba ita muke koyarwa ba. Amma ba mai musun cewa suna da halin zama lafiya a inuwa, suka zaɓi rana.

Me ya kai su?

Cikin Attaura, a Fitowa da Littafin Firistoci, Allah ya dokaci Isra'ilawa kada su zalunci baƙo, ya kuma ba da dalili, wato su kansu sun yi baƙunci a Masar, sun san zafinsa. Kowace shekara a Idin Ƙetarewa Bayahude yakan ba 'ya'yansa labarin bautar nan. Ma'anar dokar ita ce, wuyar da mutum ya sha bashi ce a kansa, wanda zai biya kuwa shi ne duk mai shan irinta a yau.

Amma kada mu zaci wuya da kanta takan haifi tausayi. Lauyan gwamnati da ya gabatar da ƙarar Mandela da Goldberg, Percy Yutar, shi ma Bayahude ne. Tarihi ɗaya, Attaura ɗaya, ɗaki ɗaya na shari'a, wannan yana neman a hukunta, wancan yana jiran hukunci. Ashe ciwo kamar wuta yake, tana dafa tuwo, tana kuma cin rumbu. Wani yakan ce, "An yi mini, ba zan bari a yi wa kowa ba." Wani kuma ya ce, "An yi mini, kowa ma ya ɗanɗana." Mutum ne ke zaɓa, Allah kuwa zai tambaye shi abin da ya zaɓa.

Mu ma a tsakiya muke

Yawancinmu ba mu taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, ko da yake wani masani daga cikinsu, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya koyi Hausa. Shi ne daga baya ya ƙi ra'ayin masu rarraba harsunan Afirka bisa ga launin fata da siffar masu magana da su, ya jera Hausa a gida ɗaya da Ibrananci da Larabci. Amma ko ba mu gan su ba, matsayinmu ya yi kama da nasu ƙwarai.

Mu masu bi na ƙasar Rano da Kibiya Hausawa ne, ba a bakin kowa muka koyi Hausa ba, Rano kuwa tana cikin Hausa Bakwai. Kirista ne mu kuma. Mun san ɗacin a ce da mutum arne a garin da aka binne kakan kakansa. Mun san jeka-ka-dawo wajen neman takardar zama ɗan ƙasa, ko filin gina majami'a. Mun kuma san yadda wani ɗan'uwa Kirista daga Kudu yakan dube mu da shakka in ya ji Hausa a bakinmu. Saboda haka muna da mafaka biyu. Ran da fitina ta taso wa baƙi a Kano, harshenmu da rigarmu za su iya ɓoye mu. Ran da ake zagin Hausawa da Fulani a taron Kirista, sunan baftisma zai iya ɓoye mu. Jarabar Bayahuden nan ita ce tamu.

Ran 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista, a kwalejin horar da malamai ta Sakkwato. Ekklesiya ta yi kuka, ta kasa kunne ta ji ko maƙwabta za su ce wannan zalunci ne, duk wanda ya faɗa kuwa ba a manta da shi ba. Kafin wannan, ran 23 ga Yuni 2018, mahara suka auka wa ƙauyukan Barkin Ladi a jihar Filato. Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, tsoho mai shekara 83, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, mata a gidansa, maza a masallaci. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su, yana roƙon maharan, ya gwammace a kashe shi. Ba gemunsa ne ya kama wuta ba.

Sa'an nan a ƙarshen Maris 2025, a Uromi cikin jihar Edo, ƙasar da Kirista suka fi yawa, aka tare motar waɗansu mafarauta Hausawa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a suka kashe mutum 16 ba shari'a. Da yawa cikinsu mutanen Torankawa ne a ƙasar Bunkure, maƙwabtanmu na kusa, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su. A ranar nan su ne suka kasa kunne. Kowace ekklesiya ta tambayi kanta, me suka ji daga bakinta?

Amma wani zai ce

Wani zai ce, "Mu 'yan kaɗan ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Tsoron nan ba na banza ba ne, Littafi kuma bai ce mu jefa kanmu cikin rijiya ba. Amma mu tuna da Ebed-melek cikin Irmiya sura 38. Bahabashe ne, baƙi, bara a fadar Sarki Zadakiya, ba shi da dangi a Urushalima. Hakimai suka jefa Annabi Irmiya cikin rijiya mai laka domin ya mutu, 'yan gari suka yi shiru. Baƙon nan ne ya je gaban sarki ya ce abin da aka yi mugunta ne. Ya nemo igiya, ya haɗa da tsummoki domin annabin ya sa a hammata kada igiyar ta ji masa ciwo, ya jawo shi. A sura ta 39 Allah ya yi masa alkawarin tsira ran da birnin zai faɗi. Tun kafin Bayahude ya tsaya wa baƙin mutum a Misisipi, baƙin mutum ya tsaya wa Bayahude a Urushalima, bai kuwa jira ya yi yawa ba.

Wani kuma zai ce, "Yaya za a kafa mana misali da waɗanda ba su karɓi Almasihu ba?" Ba cewa muke aikin kirki yana ceton mutum ba, ceto ta wurin alheri yake. Amma Ubangiji da kansa, cikin Luka sura 10, sa'ad da zai koya wa masanin Attaura ko wane ne maƙwabci, Basamariye ya zaɓa, mutumin da Yahudawa ke gani kamar arne. Firist da Balawe su ne suka ratse. In wanda bai san Almasihu ba ya aikata abin da Almasihu ya umarta, mai bi kuwa ya kau da kai, kunya a kan wa take?

Wani kuma ya ce, "Maganata me za ta ƙara?" A nan za mu komo kan maganar Rita Schwerner. Ba daidai ba ne a ji kukan fari a ƙi jin na baƙi, amma tun da haka duniya take, farin da ya sani sai ya ba da muryarsa aro. Mu ma akwai kunnen da ba ya jin kowa sai mu. In Bahaushe Musulmi ya ce mafarautan nan ba ɓarayi ba ne, Kiristan Kudu zai ce kare nasa yake yi. In fasto Bahaushe ya faɗa a taron ekklesiyoyi, za a tsaya a ji. Haka kuma in Ibo mai kanti ya yi rantsuwa bai yi abin da ake zarginsa ba, mai yiwuwa ba a saurare shi ba, amma in ɗan gari ya tsaya ya yi shaida da Hausar gari, hankali yakan komo. Zama a tsakiya nauyi ne, amma talanti ne kuma, ba a kuwa ba mu shi domin mu binne ba.

Yadda za a shiga

Akwai ladabin shiga maganar wani. Wanda ya je gayya ba shi ne mai gona ba, kunyar da aka nuna masa ita zai bi. Chaney shi ya san hanyoyi da mutanen Misisipi, Heschel tafiyar King ya bi, Goldberg a ƙarƙashin Mandela ya yi aiki. Inda mataimaka suka so su zama masu gona, zumuncin ya yi tsami, har a 1966 wata ƙungiyar matasan baƙar fata ta ce wa Turawan cikinta su koma su yi aikin cikin nasu mutanen. A can kuwa aikin ya fi wuya. Cikin Galatiyawa sura 2, Bitrus yana cin abinci tare da Al'ummai a Antakiya, da baƙi suka zo daga Urushalima sai ya ja jiki ya ware, har Barnaba ya bi shi. Bulus, Bayahude ɗan'uwansa, shi ya tsauta masa a gaban kowa. Yaƙi da wariya a kan akushin ekklesiya ya fara.

Saboda haka mu fara daga gida. In an turo mana saƙo a waya mai zagin wata kabila ɗungum, kada mu tura gaba, mu gaya wa wanda ya turo dalili. In shanu sun yi ɓarna aka kama Bafillacen da mun san ba shi ba ne, mu faɗi gaskiya a gaban dagaci, ko da mai gonar dattijon ekklesiya ne. In maƙwabci Musulmi ya yi rashi ta hanyar zalunci, dattawa su je gaisuwa da sunan ekklesiya, su zauna a tabarma, su kira zaluncin da sunansa. In ana farautar baƙo, ƙofarmu ta zama irin ta limamin Nghar Yelwa. Mu hana 'ya'yanmu kiran mutane da sunayen reni, gama mun san yadda namu yake a kunne. Mu duba kuma cikin majami'a, wa ke zama a baya kullum, gidan wa ba a cin abinci, 'yar wa ba a nema wa ɗa aure, me ya sa?

Ba kowa za a kira ya ba da ransa kamar samarin Misisipi ba. Yawancinmu abin da za a nema gare mu kalma ɗaya ce a cikin mota, ko tafiyar mil biyu zuwa gidan makoki, ko igiya da tsummoki. Ubangijinmu ba shi da zunubi, hukuncin da ke kanmu bai shafe shi ba, duk da haka ya bar ɗaukakarsa ya shigo cikin wutarmu. Wanda aka cece shi ta haka ba shi da bakin cewa ba ruwansa. Allah ya ba ekklesiyoyin Rano da Kibiya, da dukan masu karanta wannan, zuciya irin ta Ebed-melek. Amin.